Sa Hannun Ranar Asabar

Wata uku da binne Lindile, ƙanen mahaifina, matarsa ta dawo daga wurin aiki da wata takarda. Tana cikin baƙaƙen kayan takaba tun daga ɗankwali har safa, waɗanda a gidanmu sai an shekara ake cirewa. Ta durƙusa a ƙofar falo ta miƙa wa Makhulu, kakarmu. Makhulu ba ta karatu, sai ta miƙa wa babban ɗanta, wato Tata, mahaifina.

Nosakhe ne sunan da gidanmu ya raɗa mata ranar aure, ni kuwa Mama ƙarama nake ce mata. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a wata masana'antar ɗinkin fatar kujerun mota, ita ce mai duba ɗinki kafin a fitar da kaya. Takardar ta ce za a rufe masana'antar a mayar da aikin Fotugal, kuma suna so ta bi su na shekara biyu ta koya wa sababbin ma'aikata. A ƙasa an bar mata wuri ta zaɓa, e ko a'a.

"Ƙetare teku?" in ji Makhulu. "Da baƙin kaya a jikinki? Ƙasar kabarin ɗana ko kwanciya ba ta yi ba. Makoti, kina jin kanki kuwa?"

Makoti ake kiran matar ɗa a wurinmu, ko da ta yi furfura.

"Ba zan je ba, Mama," in ji ta, idonta a ƙasa. "Dama ban yi niyya ba. Zan sa musu a'a, in ci gaba da zuwa aiki har su sallame mu. 'Yan ƙungiyar ma'aikata sun ce kowa ya zauna a wurinsa ya jira."

Tata ya cire tabarau. Shekara talatin ya yi yana tafinta a kotu. Tun da ya yi ritaya ya rasa wanda zai fassara wa magana, sai ya koma fassara mana duniya.

"Ki jira su kore ki ke nan," in ji shi. "A liƙa sunan gidan Ntlabathi a jikin allo, kowane ɗan iska mai wucewa ya karanta. Tun daga kakana ba a taɓa korar ɗan gidan nan daga aiki ba. Mu muke ajiyewa, mu fita da ƙafarmu."

"Bhuti," in ji ta, wato Yaya, "ba kora ba ce. Kowa da kowa za a..."

"Ni za ki koya wa doka? Ziyanda! Ɗauko kwamfutarki."

Ni ce Ziyanda, kuma gara in faɗi nawa laifin tun yanzu. Ba na iya ganin rubutu in wuce, ko a jikin gwangwani ne. Kwana biyu kafin nan na karanta wata 'yar takarda ta ƙungiyar ma'aikata da Mama ƙarama ta bari a kicin. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya ajiye aiki da kansa, domin wanda ya ajiye ba ya samun komai daga asusun marasa aiki. Asusun nan ne ake yankar wani abu daga albashin ma'aikaci duk wata ana zubawa, don ya samu abin riƙewa ranar da aiki ya ƙare.

Na ce, "Tata, akwai wata takarda..."

Ya juyo ya dube ni. "Wace takarda?"

Na ce, "Ba komai."

Yana faɗa, ina bugawa. Shafi biyu cur. Ya gode wa masana'anta, ya yabi marigayi, ya kawo tarihin gidanmu. Daga ƙarshe ya sa na rubuta cewa ita Nosakhe ta ajiye aiki bisa son ranta, ba tare da matsin kowa ba. Wannan jimla ta yi masa daɗi ƙwarai, sau uku ya sa na karanta masa ita.

Mama ƙarama ta riƙe biro ta daɗe. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta musu da mazan gida, ba ta ma dubansu a ido. Ta sa hannu. Washegari Tata ya sa kwat da lakataye ya kai wasiƙar da kansa. Ya dawo yana cewa matar ofishin ta rasa bakin magana. Ban yi shakkar haka ba.

Bayan wata biyu aka sallami duk waɗanda suka ce a'a suka zauna. Ba a liƙa sunan kowa a allo ba. Kowa aka ba shi fom ya kai ofishin ƙwadago. Mama ƙarama ma ta je ta karɓo nata, kuma tunda mai takaba ba ta tafiya ita kaɗai, aka haɗa ta da ni mu kai shi ofishin ƙwadagon.

A bas muka zauna kujerar ƙarshe, don ba mai yarda ya zauna a bayan mai baƙin kaya. Da ta miƙa kuɗin mota a kai gaba, mutumin da ke gabanmu ya yi kamar barci yake, sai da na karɓa na miƙa masa da hannuna.

Mun shiga layi tun ƙarfe bakwai, ba mu kai ga taga ba sai wajen sha ɗaya. Ma'aikaciyar wata ce mai dogon farce da gajiyayyen ido. Ta duba fom ɗin, ta danna kwamfuta, ta sake dubawa.

"Sisi," in ji ta, wato 'yar'uwa, "an rubuta nan ke kika ajiye."

"E, amma rufewa za su yi. Fotugal suka ce in je."

"Na sani, tun makon jiya mutanenku ke zuwa. Duk nasu ya shiga. Su ƙin zuwa suka yi, aka sallame su. Ke kuwa..." Ta jawo kwafin wasiƙar da aka maƙala, ta karanta, leɓenta na motsi. "Kai! Wa ya rubuta miki wannan? Lauya ne ko mai wa'azi?"

"Wan mijina."

"To, ya iya rubutu, ba ƙarya. Ya rufe ƙofa, ya sa sakata, ya jefa makulli a rijiya. Bisa son ranki, ba matsin kowa. Ni yanzu me zan danna?"

"Shekara goma sha ɗaya ana cirewa daga albashina."

"Ga shi ina gani, ko wata ɗaya bai yi tsalle ba. Sisi, da masu aikin ne suka matsa miki, akwai inda ake kai ƙara. Amma matsin gida, ba ni da wurinsa a kwamfutar nan. Sai dai in masana'antar ce za ta gyara fom." Ta dubi baƙin kayan, ta sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Na gaba."

Da muka dawo, Tata na baranda da jarida. Na tsaya ina jira in ga yadda fuskar mutum take in aka gaya masa ya ƙone wa wani rumbu. Fuskar ba ta yi komai ba.

"Yaran nan na ofis!" in ji shi. "An ɗauko su daga gyaran farce an ba su kujera. Bari in rubuta wa shugabanta."

Ya rubuta, shafi huɗu wannan karon, ni na buga. Ba a amsa ba. Ya ce tsoro suka ji.

Makhulu kuwa ta ce kuɗi ba komai ba ne, mutunci shi ne gaba. A makon ne ta kwashe sukari da ganyen shayi ta kulle a ɗakinta. Da can Mama ƙarama ce ke sayen wutar lantarki, ita ke cika firji duk ƙarshen wata, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda abin ke fitowa. Yanzu in ta kunna butar dafa ruwa sai Makhulu ta leƙo.

"Wa za a dafa wa kuma?"

"Ni ce, Mama. Kaina ke ciwo."

"Ruwan sanyi ma na maganin ciwon kai."

Aka sallami matar da ke zuwa yi mana wanki ranar Talata, tunda ai makoti na gida. Wanki ya koma hannunta, da shara, da girki, da shafa wa Makhulu mai a ƙafa. Ita ke zuba wa kowa masara da wake, ta ci abin da ya maƙale a gindin tukunya. Maganin hawan jininta ya ƙare, inshorar asibiti ta tafi tare da aiki, sai ta riƙa tafiya a ƙasa zuwa asibitin unguwa ta wuni a layi. In ta dawo, Makhulu ta ce yawon ya yi yawa ga mai takaba.

Ta gwada soya fanke ta kai ƙofar makarantar firamare. Kwana biyu ta yi. Iyaye suka hana 'ya'yansu sayen abincin mai baƙin kaya, sannan labari ya zo kunnen Tata.

"Matar ƙanena a bakin titi da bokiti? So kike a ce ba ma ciyar da ke?"

"Sabulu kawai nake so in saya, Bhuti."

"Ki tambaya mana. An taɓa hana ki?"

Ta tambaya washegari. Ya ce fansho bai shigo ba.

Ta sayar da wayarta. Baƙin siket ya fara zamewa daga ƙugunta, ta riƙa kama shi da fil. Wata rana ina ɗaki da littafi na ji faɗuwar wani abu a bayan gida. Na tarar da ita zaune a ƙasa kusa da igiyar shanya, rigar Tata a hannunta, tana ɗaga ta sama don kada ta taɓa ƙasa. Ta ce jiri ne kawai, kada in gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba. Wannan kam na ƙware a kansa.

Ranar wata Talata sai ga Babalwa, ƙawarta ta wurin aiki, mace mai jiki da murya. Ta shigo ta ƙofar kicin da ledar burodi, ta dubi Mama ƙarama sama da ƙasa.

"Wayyo ni! Ke ce haka? Takaba aka ce ki yi, 'yar'uwa, ba ki bi shi ba. Zauna, ci wannan, ina da magana."

Ta ce ta kai ƙorafi wurin wakilin ƙungiya, shi kuma ya zauna da matar ofishin ma'aikata. Matar ta yarda ta janye wasiƙar ajiye aikin ta sa sunan Nosakhe cikin waɗanda aka sallama, in har wanda ya kawo wasiƙar zai sa hannu cewa shi ya tsara ta, kuma ba da son Nosakhe ba ne. Layi huɗu ne kacal, ga su an buga. Amma ranar Juma'a da ƙarfe biyu matar za ta rufe ofis ta miƙa makulli, daga nan babu sauran mai gyara fom a ƙasar nan.

Na ce, "Anti, ni na buga wasiƙar. Ko zan iya sa hannu?"

"Ke 'yar boko, da kin yi wannan bakin tun farko!" Ta ga idona ya kawo ruwa, ta dafa ni. "Bari kuka. Mahaifinki matar take so. Ta tuna shi sarai. Wa zai manta mutumin da ya tsaya a kanta ya karanta mata shafi biyu tana ƙoƙarin cin abinci?"

Mama ƙarama ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta je falo ta durƙusa. Babalwa ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu. Tata ya karanta layi huɗun nan a hankali kamar hukuncin kisa.

"Wato in rubuta da hannuna cewa na tilasta wa matar ƙanena."

"Ba don kowa ya gani ba ne, Bhuti. Cikin fayil za a sa."

"Fayil! Ni za a gaya wa fayil? Na ga fayil ya tashi bayan shekara ashirin ya ci mutum." Ya ninke takardar. "Ban ce ba zan sa ba. Amma wannan magana ta shafi sunan gida, ba ni kaɗai ke da sunan ba. Sai mazan dangi sun zauna."

"Yaushe za su zauna, Tata?" in ji Babalwa.

"Asabar, kamar kullum."

"Juma'a fa aka ce."

"'Yata, ban san gidan da kika fito ba. A nan ba a taron dangi ranar aiki."

"Duk 'yan fansho ne, Tata. Wane aiki?"

Makhulu ta buga sandarta a ƙasa ta ce wa makoti ta raka baƙuwarta.

Laraba ta wuce. Ranar Alhamis Mama ƙarama ta sake durƙusawa, ya ce ya riga ya yi magana. Da yamma na kai masa shayi. Na tsaya. Na haɗa jimlar tun safe, na maimaita ta a banɗaki.

"Tata, in ba ka sa hannu gobe ba, ta rasa ke nan har abada."

Ya dube ni ta saman tabarau, da mamaki, kamar kujera ce ta yi magana.

"Masana'antar da ta shekara ashirin a wuri ba ta ɓacewa cikin wuni ɗaya. Barazana ce irin tasu, na san su. Je ki karanta littafinki."

Na tafi na karanta littafina.

Juma'a da safe Mama ƙarama ta yi wanka ta shirya, ta zauna a kan benci a bakin kicin da jakarta a cinya, ko zai canja ra'ayi. Tata ya fita aski. Daga can ya wuce mahauta, domin ba a tara dattawa a kan shayi. Kuɗin da babu na sabulu ya samu na rabin tunkiya. Ya dawo ƙarfe uku ya ajiye naman a gabanta ya ce a jiƙa shi da kayan ƙamshi tun yau. Ta ajiye jakar ta ɗauki wuƙa.

Asabar dattawa shida suka zo. A unguwarmu ta Mdantsane ba mu da turken shanu da maza ke zama a ƙauye, saboda haka aka fitar da mota aka jera kujeru a gareji. Mata ba sa shiga. Ni ina kai faranti ina dawowa, ina tsintar magana. Awa ɗaya suka yi a kan wata gonar gado. Suka taɓa ƙwallo. Sai da ƙashi ya taru a faranti sannan Tata ya miƙe, ya gyara murya, ya ce shi mutum ne da bai taɓa kuskure a takarda ba, amma saboda ƙanensa da ke kwance, a shirye yake ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Wani tsoho mai haƙori ɗaya ya share ido da hankici, ya kira Tata da sunansa. "Velile, kai uba ne. Irinku sun ƙare."

Aka amince baki ɗaya. Tata ya zaro alƙalaminsa na kotu, ya sa hannu da wata doguwar jela da ta kusa fita daga takardar. Aka kira makoti ta durƙusa a bakin gareji, aka ce ta gode wa wan mijinta. Ta gode. Tsohon nan ya ce naman ya ɗan yi gishiri.

Litinin muka je, ni da ita. Tun daga nesa na hango sarƙa a ƙofar masana'antar. An cire allon sunan, sai ramukan ƙusa. Wani mai gadi na zaune a kan bulo yana cin burodi, kare na kallon bakinsa.

"Tun Juma'a aka rufe, Mama," in ji shi. "Matar ta jira har ƙarfe uku ma, ta ce akwai wadda take sa ran zuwanta. Ke ce?"

Ya nuna mana wata takarda a jikin ƙofa, mai lambar waya ta ƙasar waje. Ta tsaya tana kallon lambar. Ba ta da wayar ma. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafa, ta nuna mini wata taga a bene ta ce nan teburinta yake, rana na shigowa ta nan da safe, shi ya sa ko zare ɗaya ya kauce sai ta gani. Shi ke nan abin da ta ce. Muka juya.

Tata na baranda da muka iso.

"Kun kai?"

"Mun kai, Bhuti."

"To kin gani. Komai da tsarinsa." Ya juya shafin jarida. Bai tambayi abin da suka ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ni na faɗa, da ƙarfi. Na ce an rufe, an tafi, babu kowa. Ya ce to ai shi ya yi nasa, dangi shaida ne, ya sa hannu. In Turawa ba su iya jiran kwana ɗaya ba, wannan rashin tarbiyyarsu ne. Makhulu daga ciki ta ce haka Allah ya rubuta, kuma a ɗora wake.

Ban san yadda ake rufe labari ba, kuma wannan bai rufu ba. Yau wata goma sha huɗu da rasuwar Lindile, Mama ƙarama na nan cikin baƙi. Shekara ta cika, amma cire kayan takaba sai an yanka tunkiya an ɗinka sababbin tufafi, kuma Makhulu ta ce tunda makoti ba ta kawo komai, sai a jira gida ya samu sarari. Da baƙin kayan ba mai ɗaukarta aiki. Ba aikin, ba tunkiya. Ita da Tata sun san haka, kuma ban ga ya hana su cin abinci ba.

Ba su taɓa zaginta ba, ba su taɓa ɗaga mata hannu ba. In ka tambayi unguwa za a ce maka gidan Ntlabathi gidan mutunci ne, ba a taɓa korar kowa daga aiki ba. Gaskiya ne kuwa.

Lahadin da ta wuce fastonmu ya biyo mu gida bayan coci. Ina jin Tata yana gaya masa cewa ba kowane gida ne a zamanin nan zai riƙe matar mamaci, tana ci tana sha ba ta kawo ko ƙwayar shinkafa, amma shi ba zai iya kallon ta tagayyara ba. Fasto ya ce Allah ya saka masa da alheri. Tata ya ce amin da ƙarfi. Mama ƙarama na durƙushe a tsakaninsu da farantin shayi, tana jira su ɗauki kofi.